Gargaɗi ga matan Birnin Kebbi: shayin rage teɓa da ya kwantar da yayata a asibiti

Assalamu alaikum mata 'yan uwana, na nan Birnin Kebbi da na Kalgo da Jega da Argungu, don na san zuwa yanzu abin ya kai can. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, saboda yayata ba ta so a ji. Kunya take ji, wai a ce babba da ita, malamar makaranta, an yi mata wayo. Sai shekaranjiya na ga an jefa lambata cikin wani sabon zaure na WhatsApp na masu tallan shayin rage teɓa, suna ya canza amma hotunan su ne dai, na ce shiru ya ƙare. Ba zan kama sunan kowa ba. Zan faɗi yadda ake yi, wadda ta ci karo da shi za ta gane.

Yayata shekararta 49, haihuwa bakwai. Kusan shekara biyu ke nan al'ada tana yi mata wasa, ta zo wannan wata ta tsallake biyu, ga zufar dare, ga barci ya ƙaurace. Jiki ya buɗe, teɓa ta fito, ɗinkunan sallar bara suka ƙi shiga. A wajen wani biki a Badariya wata ta dube ta ta ce, "Hajiya, ko dai auta za a yi wa ƙane?" Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi, amma maganar ta tsaya mata a wuya. Kafin a watse wata ta matso ta ba ta lambar mai shayi.

Matar tana da bakin talla, wannan kam ba a ƙwace mata. Kowa "Mamina" ne a wurinta. A zauren nata ita da wasu biyu kaɗai ke iya rubutu, sauran mata sai kallo. Kullum da safe hoton wata mata mai tumbi, gefe guda kuma ga ta ta zama kamar budurwa, sai saƙon murya na wata tana kuka tana sa albarka. Alkawarin shi ne kilo 10 cikin kwana 14, ba motsa jiki, ba barin tuwo. Kuɗin zagayen farko naira dubu 35: leda ɗaya ta ganyen shayi da kwalbar kafso marar rubutun kirki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne awon sikeli, don da idona na gani. Ranar farko ta ce Yaya ta zo da yamma bayan la'asar. Mun ci abinci, mun sha ruwa, Yaya na sanye da atamfa da hijabi har ƙasa, jaka a kafaɗa, takalmi a ƙafa. Haka ta hau, matar ta rubuta 91 a wani littafi. Bayan kwana bakwai ta ce a zo da sassafe kafin a karya. A ranar da kanta ta karɓi jakar, ta ce, "Mamina, cire hijabin ki sha iska, ai mu mata ne," ta tura takalmin gefe da ƙafarta. Sikeli ya nuna 87. Ta yi guɗa, ta ɗauki hoton fuskar sikelin, kafin mu iso gida ya shiga zaure. Ni kaina a lokacin na yi murna, sai daga baya na zauna na haɗa lissafin.

A kwana bakwan nan Yaya ba ta da aiki sai zaryar banɗaki. Sau shida, sau bakwai a yini, da murɗawar ciki mai sa ta riƙe bango. Ga fitsari ba ƙaƙƙautawa, baki a bushe, dare ya raba tana zaune gabanta na dukan uku-uku. Ta yi wa matar waya, aka ce mata kitsen ne ke narkewa yana fita, ta daure. Da ta ce tana shan maganin hawan jini, sai aka ce ta ajiye shi tukuna, wai shayin da kansa yana wanke jini, haɗa su ne ke sa jiri. Ta ajiye. Ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta.

Innarmu ce ta fara gano abin. Ta zo duba ta, ta tarar da ledar a kan firji, ta ɗebo ganyen ta murza a tafin hannu ta sunsuna. Ta ce, "Wanga ai hilasko na, ɗiyata. Shi kika saye dubu talatin da biyar?" Filasko dai da ake ba mutum in cikinsa ya ɗaure, an haɗa da citta da kanumfari don ƙamshi.

Ga yadda filasko yake aiki, don a nan yaudarar take. A babban hanji yake tasiri, yana zaburar da shi ya tura abin da ke ciki da sauri tare da ruwa. Abinci kuwa kafin ya iso nan ƙaramin hanji ya riga ya tsotse kusan duk amfaninsa. Ke nan abin da ke fita ruwa ne da bayan gida, kitsen yana nan inda yake. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, shi ya sa sikeli ke saurin sauka, kuma da an sha ruwa kwana biyu ya koma. Sannan tare da ruwan jiki yana zubar da gishirinsa, musamman sinadarin fotashiyam wanda zuciya ke buƙata don ta buga daidai. Wadda ta daɗe tana sha kuma hanjinta kan saba, ya zama ba ta iya bayan gida sai da shi.

Ku ma ku yi lissafin kilo 10 ɗin nan. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 7,700, goma ke nan 77,000. Mace mai irin shekarunmu abin da jikinta ke ƙonawa a yini yana kaiwa wajen 2,000, kwana 14 ya kama 28,000. Ko loma ɗaya ba ta sa a baki ba tsawon mako biyun, ba ta kai rabi ba. Abin da likitoci ke ɗauka a matsayin ragewa ta lafiya shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako.

Kwana na goma sha ɗaya, da asuba, ta tashi alwala ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar banɗaki, goshinta ya bugi bakin bokiti. 'Yarta ce ta kira ni tana kuka. A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa leda bayan leda, gwajin jini ya nuna fotashiyam ɗinta ya yi ƙasa, ƙodarta kuma ta jigata saboda rashin ruwa. Kwana huɗu muka yi. Likitan ya juya kwalbar kafson a hannunsa, babu adireshin kamfani, babu ranar lalacewa, babu jerin abin da aka haɗa. Ya ce, "Mama, da ganyen kaɗai ne da sauƙi. Wannan ne ba na so." Ya ce bushewar baki da rashin barci da bugun zuciya irin nata su ke sa su zargin an cusa maganin Bature a ciki an kira shi na gargajiya.

Kuma ba sabon abu ba ne. Akwai wani maganin kashe sha'awar abinci mai suna sibutramine, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 bayan an ga yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Har yau hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka tana samunsa a ɓoye cikin shayi da kofi da kafson rage ƙiba waɗanda aka rubuta musu "na ganye zalla". Wasu kuma maganin sa fitsari ake zuba musu. Ku duba mace mai hawan jini da ta ajiye maganinta ta kama irin wannan. Yanzu har allurar rage ƙiba ake tallatawa a waya, alhali a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun allurar Ozempic, ta ciwon suga da wasu ke yi don rage ƙiba, da aka gano a Birazil da Birtaniya da Amurka.

Akwai lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, a jikin ledar shayin, an buga ta a ƙaramar takarda an manna. Ɗan Yaya ya bincika ta a kundin hukumar na intanet da ake kira Greenbook, bai samu komai ba. Ko da lambar ta gaskiya ce, ku sani lambar da ake ba maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana yin abin da mai talla ke faɗi, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Sai a asibiti Yaya ta faɗa mini sauran. Bayan awon nan na biyu an sayar mata da ɗamarar roba ta ɗaure ciki dubu 18, wadda ba abin da take yi sai sa zufa da ƙuraje. Sannan aka ce tunda jikinta ya karɓa, ta zama wakiliya a unguwarsu: ta biya dubu 120 na rajista da kaya, ta kawo mata uku, ribar kowace tata ce. Kwasar adashenta ta tura, asusun kuma sunan wani namiji ne, aka ce mata ƙanen mai shayin ne. Kayan ba su zo ba har yau. Da na rubuta wa matar cewa Yaya na kwance, amsarta ita ce ai ita ta karya doka, ta sha ruwan sanyi. Na nemi a maido kuɗin rajista, ta cire mu daga zauren ta toshe lambobinmu. Gidan da muka je awo ashe na haya ne, mai gidan ya ce ta tashi.

Abin da ke ba ni tausayi, matan da take farauta ba wani laifi suka yi ba. Yawancin mata al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55. Sinadarin jikin mace da ake kira istirojin yana raguwa, kitsen da a da yake taruwa a ƙugu da cinya sai ya koma ciki. Tsoka ma tana raguwa da shekaru, ita ce kuwa ke cin kaso mai yawa na abin da muka ci, sai ki ga tuwon da kike ci tun kina amarya yanzu yana zama a jiki. Wani cikin ma ba teɓa ba ce, ƙari ne a mahaifa, hoton asibiti kaɗai ke nunawa, mace na can tana ɗirka masa shayi. Idan kina son sanin matsayinki, tef ɗin tela ya fi sikeli faɗin gaskiya: ki auna ƙugu wajen cibiya, in ya haura santimita 88 lokacin zuwa gwajin suga da hawan jini ya yi.

Abin da aka ɗora Yaya a kai bayan sallama ba shi da kwalliya ko kaɗan, shi ya sa ba mai tallansa. Ta koma kan maganinta. Tafiya minti 30, kwana biyar a mako, wato minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne mafi ƙaranci ga baligi. Ba gudu ba, ba tsalle-tsallen da zai gama da gwiwa ba. Ma'aunin shi ne tafiyar da za ki iya hira a cikinta amma ba za ki iya rera waƙa ba. Da minti goma ta fara, tana kewaya tsakar gida, jikokinta na bin ta suna dariya. Yanzu ita da maƙwabtanta biyu suke fita bayan sallar asuba, don kowa ya san ranar garin nan, a watan Afrilu zafi na haura digiri 40. Sau biyu a mako kuma tana zama kan kujera ta miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma, ta huta ta sake, ta ɗaga gorunan ruwa biyu. Wannan don tsoka da ƙashi ne.

Abinci ba ta daina komai ba sai lemon kwalba da sukarin da take antaya wa fura da zoɓo. Malmalar tuwon shinkafa biyu ta koma ɗaya, miya ta ƙaru, kwaɗon zogale ko rama kusan kullum, wake, da kifin da Allah ya hore mana, gasasshe maimakon soyayye. Dunƙulen miya ta rage saboda gishiri. An yi wani babban bincike a Amurka kan mutum sama da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon suga, aka fitar da sakamakonsa a 2002: waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako da ƙoƙarin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, kashi bakwan nan bai wuce kilo shida da ɗan ɗori ba. Cikin wata biyar Yaya ta sauke huɗu, a sikelin asibiti, da hijabinta. Teɓar tana nan da saura, amma ta daina haki in ta hau matakalar makarantarsu.

Mun kai ragowar ganyen da kwalbar ofishin NAFDAC na jiha, mun kai wa banki da 'yan sanda rasit ɗin tura kuɗi da hotunan hirarsu. Duk wadda abin ya shafa kar ta goge saƙonni don kunya, su ne hujja, kuma ta gaya wa likita gaskiyar abin da ta sha. Wadda ke da hawan jini, ko suga, ko ciwon ƙoda, ko take shayarwa, in akwai ledar nan a ɗakinta ta fitar da ita yau.

Sabon zauren da aka saka ni, shayin ya koma "garin ƙona kitse na Dubai", kuɗi ya tashi zuwa dubu 45, lambar asusu sabuwa. Matar hoton ce dai ba su canza ba, mai jan ɗankwali a gaban labule mai furanni. Jiya da dare na ga hoton fuskar sikeli mai nuna 87 an sake ɗora shi, da yatsun ƙafar yayata da lallenta a jiki, an rubuta wai wata Hajiya ce daga Yawuri.