Sandunan ado a kan gilashin taga: abin da suka nuna bayan hunturu, bazara da damina a Bauchi

Masu gini da yawa a Bauchi yanzu suna son gida mai kamannin na da, da zankwaye a saman katanga, da zanen dagi a bakin zaure. Sai dai idan aka kafa wa irin wannan gida taga mai faffaɗan gilashi guda, fuskar ginin takan yi fayau, kamar ta shago. Maganin da ake nema shi ne sandunan ado, waɗanda ke raba gilashin gida-gida. Asalin salon na Ingila ne, tun ƙarni na 18, lokacin da babban gilashi ke da wuyar yi da tsada, ake haɗa ƙanana shida sama shida ƙasa a firam na katako. Yau gilashin guda ne, sandar kuma manna ta ake yi a kai.

Na yi amfani da iri biyu masu mannawa, na alminiyom da na roba, a gida ɗaya, sun kuma ga ƙura da zafi da ruwa. Hukuncina: na alminiyom sun cancanci kuɗinsu, na roba kuwa ban ba kowa shawarar sa su a bangon da rana ke duka ba.

Dalilin a zafi yake. Idan zafi ya ƙaru da digiri 30, sandar alminiyom mai tsawon mita ɗaya takan miƙe da kusan milimita 0.7, gilashin da ke ƙarƙashinta kuma bai kai 0.3 ba. Ta roba takan kai milimita 2. A Maris da Afrilu, tagar da ke kallon yamma tana shan wannan miƙewa da tsukewa kowace rana, gam ɗin kuma shi ke ɗaukar wahalar. Da farko bakin sandar ne ke ɗagawa, ƙura ta shiga ƙarƙashi, sai ruwan Agusta ya ƙarasa aikin. Farar robar ma ta koma ruwan ɗorawa, ta yi gautsi. A tagar arewa da ke cikin inuwa ba ta yi komai ba, amma gida ba bango ɗaya ba ne.

Na alminiyom ɗin ma sai an manna su yadda ya kamata. Tef mai gam fuska biyu da ake sayarwa don manna hoto a bango ba ya wannan aiki. A nemi mai kauri, mai laushi kamar soso, wanda aka yi don waje, domin laushin nan ne ke shanye miƙewar ƙarfen. A goge gilashin da sifirit, ba da kalanzir ko ruwan sabulu ba, don duka biyun suna barin maiƙo. A zana layukan da alƙalamin maka a ɗaya fuskar gilashin, a bi su. A fara da doguwar sanda ta tsaye, sannan gajerun na kwance, a bar ratar milimita ɗaya a kowane baki. A danna da ƙarfi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kada kuma a wanke tagar sai bayan kwana 3, lokacin da gam ya gama kamawa. Wanda ya manna a karkace, sai dai ya ɓare ya sa sabon tef, domin tsohon ba ya sake riƙewa. Aikin nan a cikin shago ya fi kyau, gilashi na kwance a kan tebur. Idan aka yi shi a wurin gini ranar da hazo ya sauko, ƙura na riga mai aiki hawa gam.

Wani abin da masu haɗa taga kan tsallake don rage kuɗi shi ne manna fuska biyu. A farin gilashi, idan waje kaɗai aka sa, na cikin ɗaki bayan tef yake gani, da duk dattin da ya maƙale a gefensa. A gilashi mai ɗaukar ido kuwa, sandar ciki ba ta ganuwa daga waje da rana, saboda haka ta waje ce dole.

Lissafin kaya ba shi da wuya. Taga ƙafa huɗu da huɗu mai murfi biyu, gilashin kowane murfi wajen santimita 50 ne a faɗi, 110 a tsayi. Sanda ɗaya a tsaye da biyu a kwance sun ba da gida shida, sun ci mita 2.1. Murfi biyu, ciki da waje, mita 8.4 ke nan, a ƙara ɗan abin da zarto zai ci. Faɗin milimita 18 ya dace da wannan girma. Mai 25 sai babbar tagar falo, a ƙarama yana cinye haske. Gidajen su fi tsayi a kan faɗi. Gidajen da suka fi faɗi suna sa gini ya zama kamar an danne shi.

Ga masu taga mai zamewa gefe, a auna ratar da ke tsakanin murfin biyu kafin a sayi komai. Idan kaurin sanda da tef ya wuce ratar, murfin zai riƙa karo da ita, ko ya kankare fenti ko ya tuge ta gaba ɗaya. Taga mai buɗewa waje ba ta da wannan damuwa, kuma ita ta fi kama da ta gargajiya.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma ya fi ɓata gidaje masu kyau, shi ne ƙarfen tsaro. Kusan kowace taga a garin nan tana da shi, shi ma yana da nasa layukan. Idan mai walda ya yi nasa awo, mai alminiyom ya yi nasa, sai layuka su haɗu su cakuɗe, ga ragar sauro ta zama ta uku. Ido ba ya samun wurin sauka. A haɗa mutanen biyu a kan takarda ɗaya tun kafin a yanka ƙarfe, yadda kowace sandar ado za ta faɗo daidai kan rodin da ke bayanta, a kuma yi musu fenti kala ɗaya. Inda aka riga aka kafa ƙarfe mai furanni da lanƙwashe-lanƙwashe, gara a haƙura da sandunan.

Sai shara. Gida goma sha biyu a taga ɗaya kusurwa 48 ne a kowace fuska, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu kowace sandar kwance takan tara ƙura a kafaɗarta. Busasshen buroshin fenti ya fi jiƙaƙƙen tsumma, wanda ke mayar da ƙurar taɓo ya cusa ta gefen tef. Wannan ya sa nake ganin gida shida a murfi ya isa, huɗu ma ba laifi. Baƙi da ruwan ƙasa suna ɓoye datti fiye da fari, sun kuma fi shiga da bango mai launin jar ƙasa.

Akwai masu sandar a tsakanin gilashi biyu da aka rufe, waɗanda ƙura ba ta taɓawa. Suna da tsada, ba sa yin inuwar da ke ba taga kyan gani, kuma idan ɗaya ya fashe sai an sake duka. Na katako na ainihi, maɗaci da ƙananan gilasai, sun fi kowanne kyau, amma sai mai iya bin su da fenti da maganin gara, da sake abin liƙe gilashin duk lokacin da ya tsage.