Garin firibayotik da tiyatar Hajiya

Assalamu alaikum Yaya. Ya Katsina, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi.

Garin firibayotik ɗin nan da ka gani a Facebook ana cewa yana rage damuwa, ka ce in aiko saboda fargabar tiyata ta hana ta barci, na je na duba. Yana nan a shagunan Boots da Holland & Barrett, kowa ya ɗauka ya biya ba takardar likita, domin a Ingila ƙarin abinci ake lissafa shi. Firibayotik harza ce da ciki ba ya narkarwa, sai ta gangara babban hanji bakteriya masu amfani su ci. Wani daga saiwar cikori ake samo shi, wani daga sukarin madara.

Zancen rage damuwa yana da tushe, amma bai kai yadda masu talla ke zuzutawa ba. A wani binciken da aka wallafa a 2015, masu bincike a Jami'ar Oxford sun gwada shi kan mutum 45 har mako uku. Waɗanda suka sha na madarar, sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa lokacin damuwa ya ragu a yawunsu da safe. To amma lafiyayyu ne, ba mai jiran tiyata a cikinsu. Kuma farkon shansa yakan kumbura ciki, ga tsada in an juya fam zuwa naira. Albasa da tafarnuwa da wake da ayaba duk suna da irin wannan harzar, kuma ba su yanke a kicin ɗin Hajiya.

Abin da ya burge ni a nan shi ne zaman da ake yi kafin ranar aiki. Nas za ta zaunar da kai, ta tambayi duk abin da kake sha har na gargajiya, ta bayyana yadda za a sa ka barci, a rubuta maka: abinci a bari awa shida kafin aiki, ruwa awa biyu. Mutum ya fito hankalinsa kwance. Sai dai layin jiran tiyata a NHS, wato asibitocin gwamnati na nan, yakan ci watanni, kuma dubiya da lokacinta, galibi ba mai jinya da zai shimfiɗa tabarma ya kwana da kai. A wannan fannin kam gida ta fi.

Don Allah Yaya ka raka ta wurin likitan da kanka, ku tambayi komai a gabanta, kuma kada a ɓoye masa jiƙe-jiƙen da take sha, don wasu na sa jini ya ƙi tsayawa. Kuɗin garin zan turo a ƙara a na gwaje-gwaje.

A gaida Anti da yara.