Falalen dutsen kudancin Maradi: inda suka yi mini rana da inda suka gaza

Masu tambayata ko falalen dutse sun fi karo (wato tayil) a tsakar gida, amsar ita ce sun fi, amma ba kowane ba, kuma ba a kowace irin shimfiɗa ba. Na sa su a gidana a Unguwar Zariya, sun ci zafin bazara, sun sha ruwan Agusta, don haka ina da abin cewa.

Wani mai tifa ne ya kawo mini su daga kudu. Garin Maradi a kan yashi yake zaune, sai ka nausa wajen Dan Isa da Maraka, kusa da iyakar Najeriya, tsohon dutsen ƙasa yake leƙowa waje. Dutse ne da zafi da matsi suka sake masa kama a can ƙarƙashin ƙasa, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Matsin nan ne ya jera ma'adinan cikinsa layi-layi, kuma duk alherin dutsen da duk sharrinsa a wannan layin suke.

Iri biyu aka zubo mini a lodi ɗaya, kuɗi ɗaya. Na farko masana na ce masa nais: zane fari da baƙi, nauyi kamar me, in ka buga masa guduma sai ya yi ƙara garau. Farin layin ma'adinai biyu ne, kwartiz da feldisfa, ƙwayoyinsu sun sarƙe da juna. Kwartiz yana mataki na 7 a ma'aunin tauri na Mohs, ya fi ƙarfen wuƙa, shi ya sa jan turmi da tukunya bai bar masa tabo ba. Shi na shimfiɗa a tsakar gida, har yau ko gezau.

Na biyun shist ne, mai ƙyalƙyali a rana. Ya fi kyau a ido, shi uwargida ta zaɓa wa bakin ƙofa. Ƙyallin nan mika ne, ma'adini mai laushi da farce ma kan ɓamɓare shi, kuma yana kwance ne fallaye a kan fallaye. Waɗanda aka kwantar sun zauna lafiya, don nauyi na sauka a kan layin kai tsaye, yana ƙara danne shi. Waɗanda aka tsayar a gefen matakala kuwa, ruwan indararo ya samu hanya tsakanin fallayen, gefensu ya fara ɓarewa, kana sa yatsa gari na zuba. Mafi muni shi ne guda da layinsa ya zo a karkace: ranar da aka hau da babur ɗauke da buhun gero, ya zame a kan layin ya rabe biyu. Ba abin mamaki ba ne, gwaje-gwaje sun daɗe da nuna cewa dutse mai layi ya fi rauni in nauyi ya same shi a karkace, wajen digiri 30 zuwa 45. Kamar faskare ne, ta hanyar jijiyarsa yake tsagewa.

Maginin da ya shimfiɗa mini su ya faɗa tun farko: "Alhaji, wannan mai walƙiyar kwanciya yake so, ba tsayuwa ba." Mai tifar kuwa bai ce uffan ba, a wurinsa dutse dutse ne. Nan ne ƙorafina yake. Ya kawo a kan lokaci, bai rage lodi ba, amma cakuɗa iri biyu a farashi ɗaya ba adalci ba ne.

In za ka saya, je da maginin ka tantance kafin a juye. Dubi gefen falalen, ba fuskarsa ba, ka ga ina layin ya dosa. Zuba masa ruwa: wanda ya tsotse ta gefe, ko ya yi ƙara dum a guduma, ya riga ya ruɓe a ciki, mayar da shi mota. Nais zan sake saye gobe. Shist kuwa sai dai don ado a inda ba ruwa, ba nauyi.