Sayen goro a Agege: sabo, daushe ko hannun ruwa?

Idan aka ɗora maka sayen goron ɗaurin aure ko na suna a Legas, Agege za ka nufa. Ai goron ne ma ya zaunar da kakanninmu a can, musamman bayan da layin dogo ya kai Kano a 1911, fatake suka rage dogon zangon zuwa Gwanja, a Ghana ta yau. Sai dai kafin ka taya, ka san abin da ke cikin huhun.

Goron da muka saba ci shi ne mai ɓari biyu, wanda Yarabawa ke kira gbanja. Ana nomansa sosai wajen Shagamu da Ondo. Bishiyarsa tana son inuwa da ruwan sama mai yawa, kuma takan yi shekara 6 zuwa 7 kafin ta fara 'ya'ya. Kakarsa daga Oktoba zuwa Disamba ce. In an fasa kwanson, sai a jiƙa goron a sale farar fatar da ke jikinsa, a bar shi cikin kwando ya tsane, sannan a lulluɓe shi da ganyen fita.

To a nan zaɓin yake. Sabon goro yana da araha da kyan gani, amma ruwa ne fal cikinsa, ga ɗan yauƙi da bauri. Daushe kuwa ya kwana biyu a ajiye, ana duba shi ana sake masa ganye wata da watanni. In ka ɓantare shi za ka ji ƙas, ga garɗi, ɗacinsa kuma ya kwanta. Tsadarsa ta wahalar ajiya ce. Ni dai in na dangin amarya ne, gara ƙwarya biyu ta daushe da biyar ta sabo, don dattawa da ɓari ɗaya suke gane darajar da aka ba su. Na rabon jama'a a ƙofar masallaci kuwa, sabo matsakaici ya wadatar.

Fari ya fi ja kuɗi, alhali kwanso ɗaya kan fitar da su duka. Goriya, wato babban goro, ta fita kunya ce, ƙanana na auki.

Hannun ruwa wani jinsi ne daban, ɓarinsa 3 zuwa 6, ga yauƙi. Yarabawa na ce masa abata, kuma shi suke girmamawa a al'adunsu, haka ma Ibo. In surukanka Yarabawa ne ko Ibo, tambaye su tukuna. Namijin goro kuwa sunan kawai suka haɗa, bishiyarsa daban ce.

Kada ka yarda da na saman kwando. Lokacin auren ƙanwata na yi wannan gangancin, muka isa gida muka tarar ƙasan duk tsutsa ta huda. Yanzu sai in ce, "Alhaji, a ɗebo mini daga ƙasa, a fasa ɗaya." Ka duba ƙananan huji da baƙin tabo na sankara. Ka kuma sansana, domin wasu na zuba maganin ƙwari a ajiya. In ka ji wari, ka wuce gaba.

In ka kai gida, ban da leda a ɗaure. Zafi da laimar Legas kan sa ya yi gumi ya ruɓe. A mayar da shi cikin ganyensa, a ajiye a inuwa, ana buɗewa ana cire wanda ya soma lalacewa.