Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a idon mai son jirgi

Ni dai ina cikin mutanen nan da za su tsaya bakin dogo don kawai su ga wucewar jirgi, saboda haka hukuncina kan wannan layi ba na mai sauri ba ne. Tsawonsa kilomita 186, daga tashar Idu a Abuja zuwa tashar Rigasa a Kaduna, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa shi, aka buɗe shi a watan Yulin 2016.

Duk wanda ya taɓa hawa tsohon jirgin Legas zuwa Kano, jikinsa ne zai fara gaya masa bambancin. Faɗin tsohon dogon milimita 1,067 ne, wannan kuwa 1,435. A tsohon, tarago sai ya dinga rangaji da kai har ka dafe kujerar gabanka. A nan na ajiye kofin shayi kusa da taga, muka wuce Jere bai zuba ba. Sanyin na'urar tarago kuma ba wasa, mai ƙaramar riga ya taho da mayafi ko rigar sanyi.

Fenti ne muke yawan musu a kai da abokaina. Su fari da koren nan na tuta da ke jikin sababbin taragai ya fi burge su. Ni har gobe kore da rawaya na tsofaffin taragai nake so: yana ɓoye ƙura, kuma daga nesa ka san jirgi ne. Fari kuwa, hunturu ɗaya ya isa ya mayar da shi ruwan ƙasa.

Wani lokaci jirgi kan tsaya a ƙaramar tasha, ba mai hawa ba mai sauka, sai ka ji fasinjoji na cewa ya lalace. Sau da yawa lafiyarsa lau. Layin ƙwaya ɗaya ne, dole ɗaya ya raɓe a inda dogo ya rabu biyu har na gaba ya wuce. A nan ne nake manne fuska da gilashi in ga kan jirgin da ke tahowa, direbobin suna gaisawa da jiniya.

Tun bayan harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin a 28 ga Maris 2022, wanda ya tsayar da zirga-zirga har zuwa Disambar shekarar, sai da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa ake yankar tikiti, kuma za ka ga jami'an tsaro a cikin taragai. Idan aka doshi Rijana, kusa da inda aka kai harin, hira takan ɗan lafa.

Mazaunin unguwar Gwarimpa ko Dutse a Abuja ya hau a tashar Kubwa, ya huta da zagayen Idu. A Rigasa kuma a yi ciniki da mai mota kafin a shiga, don tashar na da nisa da cikin gari, masu tasin kuma sun san ba ka da yadda za ka yi.