Gidan sauro, kuɗi a hannu, ko ƙirƙirarriyar basira: ina ya kamata sadakarka ta je?

Tun da wata ƙungiyar "marayu" ta cinye mini kuɗi, ta shekara tana turo mini hotunan yaran da ba ta taɓa gani ba, tambaya ɗaya nake yi kafin hannuna ya shiga aljihu: zan iya bin sawun kuɗina?

Da wannan ma'auni, gidan sauro ne gwanina. Zazzaɓin cizon sauro na kashe mutum kusan 600,000 a shekara, inji Hukumar Lafiya ta Duniya, yawancinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Afirka. Against Malaria Foundation, wadda Rob Mather ya kafa a 2004, tana sayen gidan sauro mai magani a kan kimanin dala 2 kowanne. Abin da ya burge ni shi ne tana nuna maka ƙasar da aka raba naka, bayan watanni kuma a bi gida-gida a duba ko an rataya shi, ko ya yage. GiveWell, mai tantance ƙungiyoyin agaji tun 2007, ta daɗe tana sa ta a sahun gaba.

GiveDirectly tana tura wa gidan talaka kimanin dala 1,000 ta waya, shi ya san inda ke masa ciwo. Ita ce ta biyu a wurina.

Masu cewa a zuba kuɗi a binciken hana ƙirƙirarriyar basira (AI, wato basirar na'ura) fin ƙarfin ɗan Adam kuwa, damuwarsu ba shirme ba ce, amma attajirai irin su Dustin Moskovitz sun riga sun tsaya mata, kuma ba ka da yadda za ka auna amfanin naka.

Ka dai yi hattara da masu zaƙin baki. Sam Bankman-Fried ya yi ta alƙawarin miliyoyin daloli ga irin wannan bincike, sai kamfaninsa na cinikin kuɗin kirifto, FTX, ya rushe a Nuwamban 2022, ashe kuɗin masu ajiya yake wadaƙa da su. A 2024 aka yanke masa shekara 25. Ƙananan 'yan damfara sun fi yawa ma. Yanzu manhaja na ƙera hoton yaro mai yunwa cikin daƙiƙa, ana kuma buɗe shafukan bogi da sunan ƙungiyoyi na gaskiya, harafi ɗaya kawai aka sauya. Wanda ya ce ka tura asusun mutum ɗaya, ko ya ce "yau ne kaɗai dama", ka rufe shafinsa. Ka nemi rahoton kuɗin shekara da masu binciken waje suka sa wa hannu. Waɗanda suka cuce ni, da na nema, lambata suka toshe.