Rolls-Royce ko Bentley?

Motocin nan biyu 'yan Ingila ne, kuma sun daɗe a gida ɗaya. Charles Rolls da Henry Royce sun haɗu a Manchester a 1904, suka kafa kamfani a 1906. W. O. Bentley ya fara nasa a 1919, shi kuwa tsere ne a ransa: motocinsa sun lashe gasar tseren motoci ta Le Mans a Faransa a 1924, sannan shekara huɗu a jere daga 1927 zuwa 1930. Suna bai hana talauci ba, domin a 1931 kuɗi suka ƙare, Rolls-Royce ta saye kamfanin. Shekaru da dama bayan haka, Bentley ta zama kamar Rolls ɗin da aka sauya wa tambari.

Rabuwa ta zo a 1998. Volkswagen ta ɗauki Bentley da masana'antar da ke garin Crewe, BMW kuma ta samu sunan Rolls-Royce, ta gina sabuwar masana'anta a Goodwood, inda sabuwar Rolls-Royce ƙirar Phantom ta fito a 2003. Wato dukansu yanzu a hannun Jamusawa suke.

Rolls-Royce motar mai zama a baya ce, direba na tuƙi, ciki shiru, ba ka jin ramin hanya. Shi ya sa ta dace da sarakuna da manyan attajirai. Bentley, musamman Continental GT, ta mai son riƙe sitiyari da kansa ce, kuma farashinta bai kai na Phantom ba. Ni dai in zan tuƙa da hannuna, Bentley zan ɗauka.